Gona Shar, Rumbu Wayam: Me Ya Sa Tallafin Gwamnati Ke Riskar Yaron Karkara a Makare?

Duk wanda ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari a watan Agusta, ko ya ratsa ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa, idonsa zai yaudare shi. Gero ya fitar da kai, dawa ta shanye tsawon mutum, riɗi ya fara fure, ko'ina shar. Baƙo zai ce nan kam yunwa ba ta da wurin zama. Ɗan gida kuwa ya san a wannan lokacin ne rumbu yake wayam. Hatsin bara ya ƙare tun farkon damina, na bana bai nuna ba, kwano ya yi tsada a kasuwa, ɗan abin da ke hannun maigida ya tafi a taki da kuɗin 'yan ƙwadago. A cikin markar nan ne sauro ke yawa, ruwan sha ke gurɓata, gudawa ke bin gida-gida. Kuma a lokacin ne layin mata ke tsawo a asibitin sha-ka-tafi, kowacce da goyonta, ma'aikaciyar lafiya tana zagaya wa yaro wani siririn awo a damtse. In ya tsaya a kore, an gode Allah. In ruwan ɗorawa ne, a yi hattara. In ya faɗa ja, wato kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, to yaron yana cikin tamowa mai tsanani, kuma zazzaɓin da ɗan wani zai sha magani ya tashi, shi yana iya tafiya da shi.

Talaucin yaro daban yake da na ubansa, kuma a nan ne yawancin tsare-tsarenmu ke kuskure. Magidanci yana iya shiga matsi shekara biyu, ya sayar da akuya, ya tafi cin rani Legas ko Fatakwal, Allah ya buɗa masa, ya dawo ya mayar da abin da ya rasa har da ƙari. Yaro ɗan wata goma sha takwas ba shi da wannan dama. Abin da ƙashinsa da ƙwaƙwalwarsa suka rasa a shekarar nan, ba bashi ba ne da za a biya shi idan kaka ta yi.

Akwai hanya biyu da hukuma ke auna talauci, kuma yana da kyau a bambanta su, domin 'yan siyasa kan ɗauki wadda ta yi musu daɗi. Ta farko ta kuɗi ce. A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tsakanin 2018 da 2019, ta ja layi a kan naira 137,430 a shekara ga mutum ɗaya, kimanin naira 376 ke nan a rana. Duk wanda abin da yake ci da sha da sauran buƙatu bai kai haka ba, talaka ne. Kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya suka faɗa ƙasan layin. A Kano kashi 55 ne, a Jigawa kuwa kashi 87, kafaɗa da kafaɗa da Sakkwato da Taraba a can ƙarshen jeri.

Hanya ta biyu ta fi kusa da rayuwar yaro. A Nuwamban 2022 hukumar ta fitar da wani awon da ba ya tambayar nawa ke aljihunka, sai dai ya tambayi yadda gidan yake: ana samun abinci kullum? Tafiyar minti nawa ce zuwa asibiti? Yaran suna zuwa makaranta? Da me ake girki, ina ake ɗebo ruwa, akwai masai? A wannan awon mutum miliyan 133 aka samu cikin talauci, kashi 63 na al'ummar ƙasa. A karkara kashi 72, a birni kashi 42. Yara kuwa, kashi 67.5 nasu matalauta ne, kuma fiye da rabin duk matalautan ƙasar yara ne. Jigawa tana cikin jihohi ukun da talaucin ya fi tsanani, Kano kuma, saboda yawan jama'arta, ita ce ta fi kowace jiha yawan matalauta, sama da mutum miliyan 10.

Amfanin awo na biyu shi ne yana kama abin da kowa ya sani a ƙauye amma ba a cika faɗa ba. Za ka ga mutum yana da shanun huɗa biyu, ya ɗaure buhunan riɗi ya kai Gujungu ko Maigatari, ya sayi sabon babur, amma ɗansa na goye bai taɓa cin ƙwai ba, 'yarsa kuma ba ta san ƙofar aji ba. A lissafin kuɗi gidan ya tsallake. A jikin yaran bai tsallake ba.

Masana lafiya suna raba illar rashin abinci gida biyu. Akwai rama, wadda ke zuwa da gaggawa: yaro ya ƙanjame cikin 'yan makonni, ita ce awon damtse ke kamawa, ita ce ake ba wa madarar tamowa, wancan haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari da ke cikin leda. Sai kuma tsumburewa, wadda ke zuwa a hankali, ba kuka ba zazzaɓi, yaro ya gaza kai tsawon da ya dace da shekarunsa. Rama tana kisa, shi ya sa ake ganinta. Tsumburewa ba a ganinta, domin a garin da yara shida cikin goma suka tsumbure, gajeren yaro shi ne daidai a idon kowa, sai a ce ai haka jininsu yake. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A Kano kashi 57, a Jigawa kashi 64. Binciken ya kuma nuna cewa a Jigawa, cikin yara 1,000 da aka haifa da rai, 213 ba sa kaiwa shekara biyar, fiye da ɗaya cikin biyar ke nan. A Kano 164. Da aka sake binciken a 2023 zuwa 2024, mace-macen sun ragu a ƙasa baki ɗaya, amma tsumburewar ta hau zuwa kashi 40.

Mafi yawan wannan ɓarna tana faruwa ne a cikin kwana 1,000 na farko, daga ranar da ciki ya shiga zuwa ranar da yaro ya cika shekara biyu. Bayan nan ƙofar ta kusa rufewa. Yaron da ya tsumbure yana iya yin ƙiba daga baya, amma tsawon da ya rasa da ginin ƙwaƙwalwar da ya kuɓuce masa ba sa dawowa duka. Shi ne zai zauna a aji huɗu yana fama da baƙaƙe, a ce masa daƙiƙi.

To me ya kawo haka a ƙasar da ke ciyar da wasu? Daga Kadawa da Kura tumatir da shinkafa ke fita, daga fadamar Haɗeja alkama da kifi, Dawanau kuma tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Amsar tana da rassa. Ƙaramin manomi yana sayar da amfaninsa da kaka, lokacin da farashi ke ƙasa, domin bashi na jiransa, ga biki ga suna, sannan ya dawo yana awo da tsada a damina. Abin da ya fi gina jiki, wake da gyaɗa da ƙwai da kaza, shi ne abin da ya fi saurin zama kuɗi, don haka kasuwa yake tafiya, gida a bar shi da tuwon dawa da miyar kuka, safe ɗumame, yaro kuma koko ko kunun da ruwa ya fi gari yawa. Cikin ɗan wata takwas ƙarami ne, in aka cika shi da tsinkakken kunu ya ƙoshi, amma bai ci komai ba. Akwai gidajen da har yanzu ake matse dakashi a zubar, wai nonon farko ba shi da kyau, alhali shi ne rigakafin farko da jariri ke samu. Akwai ɗura wa jariri ruwa tun kwanakin farko saboda zafin gari, kuma ruwan nan shi ne hanyar gudawa. Akwai kwanika, a yaye yaro ba shiri saboda wani cikin ya shiga. Uwar ita kanta sau da yawa yarinya ce da ba ta gama girma ba, jininta bai isa ba. Sai ambaliya ta zo ta ƙarasa, kamar yadda ta yi wa Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja a 2020 da 2022.

Mukan ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kuma babu mai imani da zai yi jayayya da cewa arziki na Allah ne. Amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya ɗora ciyarwa da tufatarwa a wuyan uba, ya kuma ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa. Waɗannan shekaru biyun su ne dai likitoci ke ta nanatawa yau.

Abin da ya sa nake ganin bai kamata mu yi ta kame-kame kan mafita ba shi ne, an riga an gwada wani abu a nan cikin gida, an auna, an ga sakamako. Daga 2013 zuwa 2019 an gudanar da wani shirin tallafin renon yara a ƙananan hukumomi biyar: Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma a Jigawa, sai Anka da Tsafe a Zamfara. Gwamnatin Birtaniya ce ta ba da kuɗin, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar. Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Mace in an tabbatar tana da ciki, a rubuta sunanta, a riƙa ba ta naira 3,500 duk wata, daga baya aka mayar 4,000, har sai yaron ya cika shekara biyu. Ba a tambayar ko gidan talaka ne ko na mai hali, ba a neman takardar kansila, ciki shi ne shaida. Kuɗin kuma hannun matar yake shiga, da dangwalen yatsanta. Tare da kuɗin akwai faɗakarwa kan shayarwa da abincin yara da tsafta, ta rediyo, ta huɗubar Juma'a, ta taron mata inda ake girka abincin a gabansu da kayan da ke garin. Sama da mata 90,000 suka amfana.

Abin da ya bambanta shirin da sauran shi ne an bi shi da awo na gaskiya. An ɗauki ƙauyuka 210, aka yi ƙuri'a, wasu suka fara karɓa wasu suka jira, aka riƙa auna yaran ɓangarorin biyu tsawon shekara huɗu. An samu raguwar tsumburewa da kusan kashi 8 cikin 100 na yadda take. A yankin da yara biyu cikin uku ke tsumburewa, wannan na nufin kimanin yara biyar cikin kowane ɗari sun tsira. Wani zai ce ai kaɗan ne. Gaskiya ne ba mu'ujiza ba ce, kuma ramar gaggawa ba ta nuna wani sauyi na a-zo-a-gani ba, domin kuɗi ba ya tace ruwan rijiya, ba ya korar sauro. Amma tsumburewa abu ce mai taurin kai, shirye-shirye da yawa a duniya sun kashe maƙudan kuɗi ba su motsa ta ba. Sannan akwai abin da ya fi ba ni sha'awa. Kafin a fara, ana fargabar maza za su ƙwace kuɗin, ko matan su kashe a anko da biki. Binciken ya nuna yawanci kuɗin a hannun matan ya tsaya, abinci ya fi cinye shi, ragowar kuma suka sayi awaki da tumaki, suka ja jarin sana'a. Wato bayan an daina biya, gidan bai koma inda yake ba. Duk wanda ya san yadda matan karkara ke juya adashi da kuɗin ƙuli-ƙuli ba zai yi mamaki ba.

Abubuwa uku suka haɗu a nan: kuɗin ya zo a kan lokacin da jikin yaro ke buƙata, ya shiga hannun uwa, kuma ya riƙa zuwa wata bayan wata har mace ta iya yin lissafi da shi. Da wannan ma'auni ya kamata a duba sauran.

A ɗauki tallafin kuɗi na gwamnatin tarayya. A zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, daga 2016, an fara ba gidaje matalauta naira 5,000 a wata, ana haɗa na wata biyu a biya 10,000. An yi amfani da rancen dala miliyan 500 na Bankin Duniya, da kuma dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su. Yawanci mata ne ke karɓa, wannan an dace. Amma kuɗin na gida ne gaba ɗaya, ko akwai mai ciki ko babu, ko yara biyu ne ko goma sha biyu. Biyan kuma yakan yi ta tsallake watanni, kuma adadin bai motsa ba shekara da shekaru alhali kwanon gero yana ta hawa. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, sai gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta sanar da naira 25,000 a wata ga gidaje miliyan 15, na tsawon wata uku. A kunne adadin ya ninka biyar. A lissafi kuwa, naira 5,000 a canjin hukuma na ƙarshen 2016 dala 16 ce da 'yan kai, naira 25,000 a canjin 2024 ita ma wajen dala 16 zuwa 17 ce. Kuɗin bai ƙaru ba, wa'adinsa ne ya gajarta. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai, Betta Edu, bisa zargin karkatar da kuɗi, aka kuma dakatar da shirye-shiryen tallafin baki ɗaya, a shekarar da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40. Da aka dawo da biyan, sai aka ɗaure shi da lambar shaidar ɗan ƙasa da asusun banki. Niyyar toshe sata ce, kuma tana da hujja. Sai dai matar da ta fi kowa buƙata ita ce wadda ba ta da katin, ba ta da waya, kuma tsakaninta da banki akwai kuɗin mota da izinin miji da yinin da za ta bar yara.

Ciyar da ɗalibai, wanda shi ma aka fara a 2016 ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, ya yi aikinsa ta wata fuska. Malaman firamaren ƙauye za su gaya maka ranar da kuloli suka iso aji yakan cika. Amma a san iyakarsa: yaro yana shiga firamare yana ɗan shekara shida, shekara huɗu ke nan da rufewar waccan ƙofa. Shirin jawo yara makaranta ne, ba maganin tsumburewa ba. An fara da naira 70 kan kowane yaro, aka ƙara zuwa 100, har aka kai lokacin da kuɗin ba ya sayen ƙwai ɗaya. Shi ma dakatarwar 2024 ta haɗa da shi.

Batun makaranta ba a rasa doka ba. Tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Kano ta ƙaddamar da nata ilimin kyauta kuma dole a 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Yunin 2024, kuma Kano da Jigawa sun sha ware wa ilimi fiye da rubu'in kasafinsu a 'yan shekarun nan. Jigawa ta sa hannu kan dokar kare yara a Disamban 2021, Kano a Mayun 2023, shekara ashirin bayan dokar tarayya ta 2003. Abin da doka ba ta lissafa ba shi ne abin da gida ke rasawa in yaro ya tafi aji. Matar da ke cikin kulle tana soya ƙosai ko tana dama fura, 'yarta ce ƙafarta zuwa kasuwa. Farantin tallan nan shi ne cefanen yamma, shi ne kuma ake tara kayan ɗakin yarinyar da shi. In ka ce ta ajiye faranti ta ɗauki jaka, ka rufe wa uwar shago. Sannan uban yana kallon makarantar: malami ɗaya ko biyu a kan ajujuwa shida, yara a ƙasa, ɗan maƙwabcinsa ya gama aji shida ba ya iya karanta wasiƙa. Ba ƙin boko ba ne kullum, wani lokaci lissafi ne, kuma lissafin ba wauta ba ne. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kano ke cikin jihohin farko da suka shiga, Jigawa ta biyo baya, ya gane wannan, shi ya sa ya haɗa gyaran makarantu da ba iyayen 'yan mata ɗan kuɗi. Amma na 'yan sakandare ne, kuma rance ne mai wa'adi.

Haka almajirci. Neman karatun Alƙur'ani abin alfahari ne, kuma Kano da Haɗeja sun yi suna da alarammomi tun kafin zuwan Turawa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: uban da ya miƙa ɗan shekara shida ga malamin da zai tafi da shi birni bayan kaka, ba guzuri ba aike, yana neman karatu, yana kuma rage baki ɗaya a kan tukunya. A da malam yana da gona, gari kuma yana da sauran tuwo. Yau gidajen birnin da ake bara a ƙofarsu su ma awo suke. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani sama da 150 daga 2012, da yawa suka lalace saboda ba a tanadi mai ci gaba da riƙe su ba. A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka yi ta lodin almajirai a motoci ana mayar da kowa jiharsa, ba a daɗe ba suka dawo, tunda abin da ya fito da su yana nan a gida. A 2023 an kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Gini da hukuma da kora duk an gwada. Rumbun uban ne ba a taɓa ba.

A fannin lafiya ne ake ganin abin da gwamnati ke iyawa in ta sa kanta. Kano ce ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, cutar ta bazu har ƙasashen waje, amma da aka jawo sarakuna da hakimai da dagatai da malamai, aka bi gida-gida shekara da shekaru ba fashi, sai ga shi a Agustan 2020 an ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara daga 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, wata-wata a damina, shi ma har ƙofar gida yake zuwa, kuma iyaye mata sun karɓe shi. A Oktoban 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko a Najeriya da aka ayyana ta daina bahaya a fili, abin da ke da alaƙa kai tsaye da gudawa da tsumburewa, ko da yake gina masai daban, riƙe shi bayan ambaliya ta rusa daban. Duk waɗannan nasarori kamarsu ɗaya: an je wurin mutane, an kuma yi ta komawa. Inda aka zauna jiran uwa ta kawo yaro da ƙafarta kuwa, sai ga mashaƙo ta ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, alhali cuta ce da allurarta ke cikin rigakafin yau da kullum na jarirai.

Jihohin biyu suna da tsarin kula da masu ciki da ƙananan yara kyauta, akwai kuma asusun lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta tanada, kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. Amma kyauta a takarda ba ta hana a rubuta maka magani ka tafi kemis. Na taɓa raka wata 'yar'uwa da ɗanta wani ƙaramin asibiti da la'asar, muka tarar da ƙofa a rufe, mai gadi ya ce ma'aikacin ɗaya ne kuma ya tafi karɓo kaya a hedikwatar ƙaramar hukuma. Ban ga laifin ma'aikacin ba. Mutum ɗaya ba ya zama likita da ungozoma da mai rigakafi da ɗan aike a yini guda. Madarar tamowa kuwa, kaso mai yawa nata daga masu ba da agaji na waje take zuwa, kuma da Amurka ta zabtare tallafinta a 2025 an ji a jika. Ko tana nan ma, uwar da aka ba ledojin mako guda don yaro ɗaya, ta koma gida ta tarar da yayyensa uku suna kallonta, kowa ya san abin da zai faru. Za a yi mata faɗa a asibiti, kuma da gaskiyar masu faɗan, domin magani ce ba alewa ba. Amma yaron zai warke a sallame shi, ya koma kan tukunyar da ta kwantar da shi.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: yaron ƙauye na waye a cikin matakan gwamnati uku? Firamare da ƙaramin asibiti, wuraren biyu da rayuwarsa ta rataya a kai, a tsarin mulki suna jingine ne da ƙaramar hukuma, matakin da ya fi kowanne rauni. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko da an aiwatar da hukuncin yadda yake, sai an sa ido, domin shugaban ƙaramar hukuma ma ya fi son abin da za a yanke ƙyalle a buɗe. Kwalbati ana ɗaukarta hoto. Santimita biyu da aka ƙara wa tsawon yaro ba mai ganinsu ranar zaɓe, kuma ribarsu sai bayan shekara ashirin, lokacin wani ne a kan kujera.

Don adalci, Jigawa ba ta bar darasin Buji da Gagarawa ya tafi a banza ba. Bayan shirin ya ƙare ta ɗauki salon, ta fara biyan masu ciki da kuɗinta a mazaɓunta 287, ta kuma fito da shirin Masaki, inda matan gari ke auna yara da kansu suna koya wa juna haɗa abinci da gero da waken suya da gyaɗa. Hanyar daidai ce. Matsalar girma ce: mata ƙalilan ake ɗauka a kowace mazaɓa, a inda ɗaruruwa ke ɗauke da ciki a lokaci guda. Kuma da zarar an ce mutum kaɗan za a zaɓa, an dawo da abin da shirin farko ya kauce wa, wato wa zai rubuta sunayen, kuma 'yar gidan wa za a fara rubutawa.

A yi wannan lissafin. Cikin da ya shiga a watan da aka cire tallafin mai, Mayun 2023, haihuwarsa ta faɗo wajen Fabrairun 2024, wata guda bayan dakatar da shirye-shiryen tallafi, ana tsakiyar tsadar da ba a ga irinta ba cikin kusan shekara talatin. Kwanakinsa 1,000 suna cika ne a Fabrairun 2026, wata 33 ke nan, da damina uku a ciki. In gidansu yana cikin rajista, in uwar tana da lambar shaida da asusu, in kuma kuɗin ya shigo duka, abin da sabon tallafin tarayya ya tanadar musu naira 75,000 ne, na wata uku daga cikin 33.